Ni da Gashina da Almakashin Ɗinki

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwata Zuwaira ba, kuma ko da ni na so mantawa, matan Kunduru, garin mijinta, ba za su bar ni ba.

Bari in fara da gashin, tunda shi ya ja komai. Ni dai ba wata kyakkyawa ba ce ta ku-zo-ku-gani. Gajera ce ni, hancin ma ga shi nan dai, a rufa wa juna asiri. Amma gashi kam Allah Ya ba ni. In na tsefe shi na taje, sai ya wuce gadon bayana yana neman ƙugu. Wajen mahaifiyata na gaje shi, ita kuma ta gada wajen tata uwar, wata Bafulatana ta can wajen Mawashi. Mahaifiyar tamu ta rasu ina ƙarama, Zuwaira ko yaye ta ba a yi ba, sai ƙanwar babanmu, Goggo Hansai, ta kwashe mu ta riƙe a gidanta na Kusada. Goggo ta yi renon gashin nan kamar yadda wasu ke kiwon ragon layya. Duk Juma'a sai ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta shafe shi da man shanu, ta yi mini kitso, in na motsa in sha ranƙwashi.

"Zamna da kyau," haka take cewa. "Gashin uwarki nike kitsewa, ke ajiya kawai anka ba ki."

Har na yi aure na koma Kankia, almakashi bai taɓa hawa kan nan ba. In na je Kusada, kafin Goggo ta tambayi lafiyar maigidana sai ta zame ɗankwalina ta duba ajiyarta.

Sana'ata ɗinki ce, a gida nake yi. Kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa a yanka. Ina iya shimfiɗa atamfa in zuge ta da almakashi daga wannan baki zuwa wancan ba tare da na ja alli ba, ta fita a miƙe sak. Wannan yarda da hannun nawa tana cikin abin da ya kai ni ya baro. Sai kuma wani hali da nake da shi, bin ƙwaƙƙwafi. Abu in ban gane yadda yake aiki ba, ba na samun sukuni. (Na taɓa kwakkwance keken ɗinkina don kawai in ga yadda zaren sama ke kamo na ƙasa. Na gani kuwa. Wajen mayarwa ne sai da aka kira mai gyara.)

Biki ya matso, an kawar da amfanin gona, kowa ya samu sararin sha'ani. Ina tsakiyar ɗinkin anko, wata safiya na tsefe kitsona zan wanke kai, sai na jawo jelar gashin gaba na ƙare mata kallo a hasken rana. Bakin ya yi ja, ya bushe, ya yi buzu-buzu kamar gemun masara. Na ware sili ɗaya na ɗaga. Ikon Allah, ƙarshensa ya rabe biyu. Na ware wani, shi har uku ya yi, kamar ƙafar kaza. Ruwan da na dafa ya huce a bokiti ina nan zaune ina bin gashi sili-sili, ina mamakin yadda abu siriri haka zai samu wurin tsagewa.

Daga nan na faɗa kallon bidiyo a waya. Mata iri-iri, wasu ko yarensu ban sani ba, kowace da gashi yana sheƙi. Duk bakinsu ɗaya: in bakin gashi ya tsage a datse shi, in ba haka ba tsagar za ta yi ta hawa sama. Wannan na gane shi, ai haka yadi ma yake zarewa in ba a kalmashe bakinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da wasunsu suka ce datsewar tana ƙara wa gashi tsawo. Ta yaya? Gashi ai daga fatar kai yake fitowa. Wa zai taso daga can ƙugu ya hau ya gaya wa saiwa an yi yanka a ƙasa, ta ƙara himma?

Na fara da maigidan, yana cin tuwo bayan ya dawo daga gonarsa ta Fakuwa.

"Malam, in aka datse bakin gashi, da gaske ƙara tsawo yake yi?"

Ya haɗiye lomarsa. "To, zogale dai in ka sare kansa ya fi yin reshe."

"Zogale ai yana da rai har ganyensa. Gashi kuwa ko ƙona bakinsa aka yi ba ka ji."

"Ke da kika san amsa, me ya kawo tambaya?" Ya kai loma, sannan ya nuna kaina da yatsa. "Ni abin da na sani, kan nan ba ni da iko da shi, ke ma ba ki da shi. Ki buga wa Goggo waya."

Ban buga ba. Washegari na tambayi Adama mai nono, wadda ke kawo mini man shanu. Ta kalle ni kamar na ce zan yanke wa saniyarta wutsiya, ta ce su kam ba sa yankewa, wanda ya gaji ya faɗi da kansa. Maƙwabciyata Maman Sadiya kuwa cewa ta yi a yanka mana, amma sai wata ya tsaya, yana girma gashin na girma. Ta ƙara da cewa in tabbata na binne abin da na yanke, don in tsuntsu ya yi sheƙa da shi ciwon kai ba zai bar ni ba. Na ce to ta yaya kan zai san abin da tsuntsu ke yi a kan bishiya? Ta ce, "Ke kin fiye tambaya," ta koma ga wankinta.

Na san wata za ta ce me ya hana ni zuwa wajen mai kitso ta datse mini. Mai kitsona 'yar Kusada ce, gidansu na kallon gidan Goggo. In ƙwarƙwata ɗaya ta gani a kaina da hantsi, kafin azahar Goggo ta ji. Kai mata wannan aiki daidai yake da in hau mota in je in yanke a gaban Goggo.

Haka na yi ta saƙa da warwara. Yau in ɗauki almakashi, gobe in ajiye. Wata zuciyar ta ce ajiya ce, ba a taɓa ajiya. Wata ta ce ai mai ajiya shi ke kakkaɓe mata ƙura, kuma wannan bakin ya riga ya mutu, gyara ne. Wata ta ce Goggo da hannu ta san tsawonsa. Waccan ta ce gaɓar yatsa biyu kacal za a cire, ko aljani ba zai gane ba. Amma in zan faɗi gaskiya, ba kyan gashin ne ya fi damuna ba. So nake in sani. Na ƙudura zan auna da tef ɗin ɗinki kafin in yanke, in riƙa aunawa bayan na yanke, in raba gardamar da kaina. Har gwaji na yi a kan tsintsiyar ɗakina, na daidaita mata baki tsaf. Tsintsiya ta yi kyau abinta. Na ce shi ke nan, hannu ya zauna.

Ranar da abin zai faru, Malam ya fita, na rufe ƙofar gida na shiga ɗaki da hantsi. Na wanke kai na taje. Na jingina waya a kan keke, na kunna bidiyon wata mata da na fi yarda da ita. Dabararta mai sauƙi ce. Za ka tattara gashin baya, ka ɗaure a ƙeya, ka sake ɗaurewa a tsakiya, ka kuma ɗaure can kusa da baki, sannan ka datse daidai saman ɗaurin ƙarshe. Na yago ƙyallaye uku daga ragowar anko, na ɗaure kamar yadda ta yi. Matar ta miƙa hannu ta ɗauki almakashinta ke nan, sai hoton ya tsaya cak. Data ta ƙare.

Mai hankali a nan zai dakata. Ni kuwa na ce ai an gama mai wuyar, saura yanka, kuma yanka wa zai koya mini?

(Daga baya na kalli ragowar bidiyon. Ashe matar jawo gashin take yi ta kan kafaɗa zuwa gabanta, ta yanka tana kallo. Ni kuwa tunanin tela na yi, na ce in aka karkato abu yankan zai fita a karkace, gara a bar shi a miƙe a baya.)

Na juya wa madubin sif baya, na riƙe ƙaramin madubi ina hango ƙeyata. Sai na ga aikin hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe gashi, ɗaya almakashi. Na ajiye ƙaramin madubin na koma lalube. Na kai hannu baya na bi jelar, na ji ƙulli. Na laluba ƙasa da shi iya inda guntun hannuna ya kai, ban ji wani ba. Na ce to wannan ne na ƙarshe. Na sa babban almakashina, wanda nake yanka shadda da shi, daidai samansa. Na yi bisimilla.

Ƙurus. Bai fita ba. Ƙurus.

Har ga Allah a lokacin na yi mamaki. Na ce ikon Allah, bakin gashi ai siriri ne, me ya sa almakashin ke shan wahala haka? Na tsaya ina tunanin ko jiƙewar da ya yi ce ta sa shi kauri, ko almakashin ne ke son washi. Ina wannan nazarin hannuna bai daina aiki ba. Ƙurus na ƙarshe, sai na ji kaina ya yi sakayau, kamar na sauke tulun ruwa.

Na sunkuya, sai ga ɗan ƙyallen ƙarshe a ƙasa shi kaɗai. Ashe tun tuni ya silale daga busasshen bakin nan ya faɗi. Na dawo da hannuna gaba. Jela ce guda a ciki, ɗaure da ƙyallen tsakiya, tsawonta daga gwiwar hannuna har ta wuce yatsu.

Ban yi kuka nan take ba. Abin da na fara yi, kuma har yau ina jin kunyar faɗa, tef na ɗauko na auna ta. Sai da na ga lambar sannan na ce innalillahi, na zauna daɓas a ƙasa. Wanda ya rage a kaina da ƙyar ya taɓa kafaɗa, da ya fara bushewa kuma sai ya dinga tattarewa yana hawa wuya, ina kallo a madubi kamar yana gudu na.

Na yi tunanin Goggo. Na yi tunanin biki. Na kalli jelar, na kalli keke, na kalli gwangwanin allurai. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda shaiɗan ke ajiye wa masu sana'a. Abin da aka yanka ai ana ɗinke shi. Kullum shi nake yi.

Na kitse na kaina kitso ɗaya ya sauka ƙeya. Na kitse jelar daban. Na ɗora bakin wannan a kan wancan, na sa baƙin zare riɓi biyu na yi ta soka allura ina lalube, na soki yatsa, na soki ƙeya, ban fasa ba. Da na gama na nannaɗe mahaɗar da zare, na rufe da baƙin ribom. Na girgiza kai, yana nan. Na yi tsalle a tsakar ɗaki, yana nan. Na duba a madubi biyu, wallahi ko ni ban ga inda aka haɗa ba. Baƙin cikina ya koma alfahari. (Malamarmu ta Islamiyya ta sha ja mana kunne a kan ƙarin gashi. Na zauna na auna maganar, in gashinka ne ka mayar wurinsa, ƙari ka yi ko maido da abu? Ban samu wanda zan iya tambaya ba.)

Malam ya dawo da yamma, ya ga jela na lilo a bayana ta ƙarƙashin ɗankwali. Ya ce, "Kin fasa yankewar ke nan? Gara haka." Na ce, "Uhm," na zuba masa ruwa.

Muka tafi Kusada da buhun anko. Ina shiga Goggo ta miƙo hannu za ta zame ɗankwali, na goce na ce kaina ke ciwo, ko taɓawa ba ya so. Ranar kitson 'yan biki na ɓuya a ɗaki da keken aro ina rage wa wannan hannu, ina buɗa wa waccan ƙugu. Goggo ta leƙo ta ce in fito ta yi mini da kanta, na ce, "Goggo, in na tashi daga nan rabin danginmu da zani kawai za su yi yini." Ta hango jelar a bayana, hankalinta ya kwanta, ta tafi. Aka yi lalle lafiya, aka ɗaura aure lafiya. Na fara ganin kaina a cikin masu wayon duniya.

Ranar yini tsakar gida ta cika da mata maƙil, babu namiji ko ɗaya. An shimfiɗa tabarmi har bakin rumbu, masu kiɗan ƙwarya na gefe suna yi. Dangin ango sun zo daga Kunduru mota guda, shugabarsu yayar uban ango, Hajiya Asabe. Mace ce doguwa, ƙaƙƙarfa, mai raha, wadda ta yi suna a sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Damtsenta kaɗai in ka gani ka san tunkuza ta sha wuya a hannunta.

Aka fito da amarya ta gaishe su. Ita Zuwaira gashin babanmu ta ɗauko, ɗan kaɗan ne, don haka ƙawayenta suka sa aka yi mata kitso da ƙari. Hajiya Asabe ta ɗaga mayafin ta leƙa, ta ce cikin wasa irin na dangin ango, "Tubarkalla, amaryarmu ta yi kyau. Sai dai a gaya mana tun yanzu, da gashin za a kai mana ita, ko na aro ne a maido bayan biki?"

Aka yi dariya. Kowa ya ɗauka wasa ne, ban da Goggo.

"Mi kika ce? Gidanga ne babu gashi?" Ta miƙe tana gyara ɗamara. "Mu da munka gaji gashi tun kaka da kakanni? Ina ɗiyar nan tawa? Ke! Aje tiren nan ki taho."

Ina ɗauke da tiren waina. Na ƙanƙame shi.

"Goggo, miya na kan wuta."

"Ta ƙone."

Ta kamo hannuna ta tsayar da ni a tsakiyar fili, ta juya ni na ba baƙi baya, ta warware ɗaurin ɗankwalin da na ɓata lokaci ina kafawa. Jela ta sauko ta kwanta a bayana. Na ji mata na cewa, "Masha Allah!" "Kai, tubarkalla!" Wata ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin irinsa ba sai a ruga. Na saki numfashi. Har na ɗan karkata kai don ta yi lilo.

Sai Hajiya Asabe ta ce, tana dariya, "Ai 'yan yanzu sun iya. Akwai na kanti ma mai kama da wannan sak."

"Na kanti?" Muryar Goggo ta hau. "Da hannuna na rene shi! Taso ki ja ki gani. In sili guda ya biyo hannunki, ki tahi da ni Kunduru in yi miki surfe."

"Goggo, kaina fa yana..."

"Yi mini shiru."

Na ji hannu ya kama jelar, ya ɗan ja a hankali, irin jan wadda ke yi wa mutum kara. Ɗinki ya riƙe. Na yi wa zaren nan addu'a a zuciya, har da wanda ya sayar mini da shi.

"Wannan ne ja?" in ji Goggo. "Ja da kyau, Hajiya, ba ƙwai ba ne."

Hajiya Asabe ta gyara tsayuwa.

Duk tela ya san ƙarar ɗinki in ya farke. Ɓarat. Sai dai ban taɓa jin ta a ƙeyata ba sai ranar. Kaina ya yi gaba, Hajiya ta yi baya taga-taga ta zauna a cinyar wata mata, hannunta sama, jela na reto a ciki, baƙin zare na lilo a bakinta.

Kiɗan ƙwarya ya mutu. Ba a tare suka tsaya ba, ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshen ta buga sau biyu ita kaɗai ta ji shiru ta bari. Na juyo. Idanu kamar su cinye ni. Na kai hannu ƙeya na ji ɗan guntun kitso a tsaye kamar wutsiyar akuya. A duk maganganun duniya, wadda ta fito daga bakina, da ƙarfi kuma, ita ce:

"Wallahi nawa ne!"

Gidan ya fashe. Wata ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa. Wata ta ƙware da zoɓo. Amarya da ya kamata a ce tana kukan rabuwa da gida, mayafinta sai rawa yake yi, kuma na san ba kuka ba ne.

Da dariya kawai aka yi aka tashi, da da sauƙi. Sai aka zauna bincike. Kakar ango, wata tsohuwa da ke jingine da bango, ta ce a miƙo mata. Ta shinshina ta ce man shanu take ji. Ta ce a ɗebo mata garwashi a murhu. Aka kawo a marfin kwano, ta tsinko sili ta ɗora, mata suka yi da'ira suna leƙe. (Ni ma fa na matsa na leƙa. Ban taɓa sanin ana gwadawa haka ba.)

"Na roba narkewa yake yi ya dunƙule," in ji ta. "Wannan ƙaurin babbakar kan rago yake. Na mutum ne."

Na ce alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta.

"To na wace ce?" wata ta tambaya daga baya.

Wata kuma ta ce ita ta ji ana cewa irin mai tsadar nan daga ƙasashen waje ake kawo shi, wai na matattu ake askewa. Wadda jelar ke hannunta a lokacin ta yi a'uzubillahi ta wurgar, ta faɗa kusa da kwanon alkaki, mata suka dare.

Dole na tsaya a tsakiyar fili, kai ba ɗankwali, na ba da labari tun daga gemun masara har zuwa ƙarewar data. Na kwatanta ƙyalle uku. Na nuna inda allura ta soke ni. Aka ɗauko jelar aka kara da guntun kaina, aka ga launi ɗaya, kauri ɗaya, har karkacewar yankan ta hau daidai. Hajiya Asabe, wadda hawayen dariya ya wanke mata kwalli, ta duba mahaɗar da kyau ta ce, "Gaskiya ɗinkin ya yi kyau, 'yata. Zaren ne ba shi da ƙarfi." Ni kuma, Allah Ya shirye ni, sai na ji bakina na cewa, "Da ma na yi tunanin in sa na masu takalmi."

Goggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta karɓi jelar, ta karkaɗe ta, ta naɗe a bakin zaninta, ta shige ɗaki.

Sai bayan la'asar na samu ƙarfin halin bin ta. Tana zaune a bakin gado, jelar na kan cinyarta tana tsince ragowar zaren. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri. Ta gama tsince zaren tas. Can ta nuna ƙasa tsakanin ƙafafunta, na juya na zauna. Ta warware guntun kitson ta fara tsaga.

"Da kin zo mini da shi a yanke," ta ce, "faɗa zan yi in gaji in bari. Gashi ne, tohowa yake. Amma ki bar ni in buɗe baki gaban baƙi, kina tsaye kina ji?"

"Na ce miki miya na kan wuta, Goggo."

"Miya!" Na ji hannunta ya tsaya, na ɗauka duka ne zai sauka. Sai na ji cinyarta na girgiza. Ta yi ta ƙoƙarin danne dariyar har ta koma tari. Da ta lafa ta ci gaba da kitso, sannan ta tambaya a hankali, kamar ba ta so a ji, "To da kika yanke, mi kika ji?"

Na ce, "Kaina ya yi sakayau."

Ta ce, "Hm. Uwarki kullum cewa take yana mata nauyi. Ni ke hana ta ragewa."

Ta yi mini 'yan ƙananan kitso da abin da ya samu, ta ɗaga katifa ta ajiye jelar.

Wajen kai amarya Hajiya Asabe ba ta manta ba. Ta ce ina mai surfenta, ga turmi can na jira. Goggo ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga wadda ta ci bashin nan, ita za ta biya."

Da Zuwaira ta haihu muka je suna Kunduru, tun daga zaure na ji wata na cewa, "Ku fito, ga Wallahi Nawa Ne ta iso!" Ashe sunana ke nan a garin, har waɗanda ba su je bikin ba sun san shi. Na je gaida kakar ango, ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ɗan ja shi a hankali tana kallon fuskata, ta ce, "Wannan dai ba zai biyo ni ba ko?"

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da ke bayan ƙeyarka, nemi mai ido ya duba maka, ko da kuwa zai kai rahoto Kusada. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, bar ta a buɗe ta sha iska, kada ka ce za ka ɗinke. Komai ƙarfin zarenka, akwai wata Hajiya Asabe a wani gari tana can tana matsar ƙuli, tana jiran ranarka.